Sunan da Ba a Yanka wa Rago Ba: Laƙabi da Tsangwamar Matasa Masu Ƙiba

Kafin in dawo jami'a neman digiri na biyu, na yi shekara biyu ina koyar da Faransanci a wata kwalej ta cikin gari. Aji ne mai cunkoso, irin wanda malami ba ya iya riƙe sunan kowa; shugaban aji ne ke kiran suna da safe ya kai takarda ofis. A bencin ƙarshe, kusa da taga, akwai wata yarinya ƴar kimanin shekara 14, mai natsuwa, mai kyan rubutu. Tun makon farko na ji ƴan ajin suna ce mata Randa. Da yake na san akwai mata masu wannan suna a ƙasashen Larabawa, ban kawo komai a raina ba, na bi sahu. Sai da lokacin cika takardun sakamako ya yi, na bi rajista daga sama har ƙasa ban ga mai wannan suna ba. Na kira shugaban aji na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai yana danne dariya, sannan ya ware hannuwansa biyu ya kwatanta mini faɗin randar ruwa. Ashe wata uku cur ina kiran ɗalibata da sunan tukunya, ita kuwa tana amsa mini da "Na'am, Mushe."

Bayan an tashi na tsayar da ita na ba ta haƙuri. Amsar da ta ba ni ta fi kuskuren nawa ci mini rai. Cewa ta yi, "Ba komai, Mushe, ai ko a gida haka ake ce mini." Daga baya na lura ba ta fita filin motsa jiki. Ta kawo takardar uzuri, alhali lafiyarta ƙalau. Abin da take gudu shi ne ihun da samarin ajin ke yi duk lokacin da aka ce ta yi gudu, wai a kauce ƙasa za ta tsage.

Wannan yarinya ce silar wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, abin da muke yi wa matasa masu ƙiba da bakinmu cutarwa ce ta gaske, ko mun lulluɓe ta da sunan wasa ko da sunan nasiha. Mu da muke nazarin harshe kuwa mun fi kowa cancantar gane haka, tun da da kayan aikinmu ake yin ɓarnar.

Abin da kalmomin ke ɗauke da shi

Hausa tana da wadatar kalmomin girman jiki. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya duba ƙarƙashin kalmar "ƙato" zai tarar da dogon jerin takwarorinta. Daga cikinsu akwai rukunin sifofin kambamawa, waɗanda Paul Newman ya yi bayaninsu a littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000: jibgege, jibgegiya, jibga-jibga, rusheshe, rusheshiya, rusa-rusa, narkeke, narkekiya, narka-narka. Ƙirarsu ɗaya ce. Ana maimaita baƙin ƙarshe na saiwar kalma tsakanin dogayen wasula biyu, sai kalmar ta miƙe ta cika baki, kamar tana kwaikwayon abin da take siffantawa. A aji muna sha'awar wannan haɗuwa ta amo da ma'ana, kuma da gaskiyarmu. Sai dai a dubi inda waɗannan sifofi suka fi zama: jibgegen dutse, narkeken sa, rusheshen rago. Idan aka ɗora su a kan ƴar shekara 14, an shigar da ita sahun abubuwan da ake tsayawa a kalla a ƙiyasta nauyinsu.

Bayan sifa akwai kamance. Sunayen da na fi ji a harabar makaranta ba su wuce buhu, randa, tanki, giwa da dorina ba. Idan aka natsu za a ga sun kasu gida biyu: mazubi da dabba. George Lakoff da Mark Johnson sun nuna tun 1980 cewa kamance yana tsara yadda muke tunanin abu, aikinsa bai tsaya ga yi wa zance ado ba. Mazubi abu ne da ake ɗura wa kaya, ba shi da hankali, ba shi da zaɓi. Dabba kuwa ci take yi ba tare da tunani ba. Abin lura shi ne kalmar giwa: a kirarin sarki ko na gwarzon ɗan kokawa ƙarfi da kwarjini take nufi, amma a kan ɗalibar kwalej ta koma ba'a. Kalma ɗaya ce, matsayin wanda aka jefa da ita ne ya bambanta.

Daga nan sai magana ta sulale daga jiki zuwa hali. Yaron da aka fara ce wa ƙato, ba a jimawa za a ce masa acici, haɗamamme, rago, ci-ma-zaune, har a kai ga zaton mai nauyin jiki yana da nauyin ƙwaƙwalwa. Masanin zamantakewa Erving Goffman, a littafinsa na 1963 a kan tsangwama, ya tuna mana cewa kalmar stigma a wurin Girkawan dā tambari ce da ake tsagawa ko a ƙona a fatar bawa, ko mai laifi, ko maci amana, domin jama'a su gan shi su kauce. Ya kasa tsangwama gida uku: ta jiki, ta hali, da ta asali. Abin da ya sa ta masu ƙiba ta fi ciwo shi ne ta haɗa biyun farko. Idan muka ga makaho ko gurgu, mukan ce ƙaddara ce, mu tausaya. Idan muka ga yaro mai ƙiba, mukan ce shi ya so. Tambarinsa yana bisa jikinsa inda ba ya iya ɓoyewa, kuma an yanke hukunci cewa da hannunsa ya buga wa kansa.

Ginin jimla ma yana da nasa rabo. Akwai tazara tsakanin "yana da ƙiba" da "lukuti ne". Ta farko tana ambaton abu ɗaya daga cikin abubuwan da yaro yake da su; yana da ƙiba kamar yadda yake da ƙanne biyu, yake da basirar lissafi. Ta biyu, da dirkarta "ne", ta mayar da shi ƙibar kanta. Matakin ƙarshe shi ne lokacin da sifar ta tuɓe dirka ta zama suna, ta kori sunan yanka daga wurinsa. Nan ne Randa ta fito.

J. L. Austin ya koyar da mu a 1962 cewa akwai furucin da faɗarsa ita ce aikata shi, kuma raɗa suna na cikin fitattun misalansa. Mu ba mu buƙatar dogon bayani a kan wannan. Ranar bakwai, mahaifi ya zaɓi suna, liman ya raɗa, a yanka rago, jama'a su shaida, su yi addu'a. Laƙabin ba'a ma raɗin suna ne, sai dai wanda ba shi da iko ne ya raɗa, ba a nemi yardar kowa ba, dariyar ƴan aji ce shaidarsa. Abin mamaki, al'ummar da ke yin haka ita ce ta fi kowa sanin nauyin suna. Uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, mace ba ta faɗar sunan miji, jikan da ya ci sunan kaka ana yi masa alkunya. Muna kewaye sunan babba saboda girmamawa, sannan mu shafe sunan yaro saboda raini, ba mu ga wani saɓani ba.

"Ai mu nan ƙiba ado ce"

Na san abin da wasu za su fara cewa: wannan damuwar Turawa ce, mu a nan ƙiba abin so ce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Jaririn da ya yi ɓul-ɓul kowa na son ɗaukarsa. Amaryar da ta murje bayan wata shida ana cewa gidan miji ya karɓe ta. Tumbin Alhaji shaidar wadata ce. "Ka yi ƙiba" yabo ne tsakanin manya, "ka rame" kuwa tambayar "lafiya?" ke biye da ita. A ƙasar Zabarmawa an san al'adar hangandi, inda mata ke ƙoƙarin tara jiki ana yaba wadda ta fi. Rebecca Popenoe ta zauna da Larabawan Azawak na jihar Tawa, ta kuma wallafa littafi a 2004 a kan yadda ake ɗura wa ƴan mata madara da fura tun suna ƙanana domin su yi ƙiba kafin aure. A filin kokawar gargajiya, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, cikar jiki abin alfahari ce.

Amma a sake duba waɗannan misalai da kyau. A kowane ɗaya, ƙibar tana ba da labarin wani abu da al'umma ke girmamawa. Ta jariri tana yabon uwa. Ta matar aure tana yabon miji. Ta Alhaji tana yabon aljihu, ta ɗan kokawa tana yabon ƙarfi. Matashi fa? Ya wuce shekarun goyo, bai kai aure ba, ba shi da dukiya, ba shi da takobin kokawa. Ƙibarsa ba ta da wanda take yabo, saboda haka sai a fassara ta da ci da lalaci. Yarinyar da aka yi wa rawa a cinya tana shekara ɗaya saboda kumatunta, ita ce ake yi wa dariya tana shekara 14 saboda kumatun nan dai. Idan ta yi aure da jikin nan, wataƙila a dawo ana yabonta. Jikin bai canza ba. Tsakanin yabon farko da na ƙarshe kuwa akwai shekara goma na makaranta, waɗanda su ne shekarun da mutum ke gina ra'ayinsa game da kansa.

Ƙari a kan haka, matashin yau yana rayuwa ne tsakanin ma'auni biyu. A gida kaka tana cewa a ci a cika ido. A wayar hannu, TikTok da Instagram da finafinan Indiya suna nuna masa wani jiki dabam. Wadda ta yi ƙiba randa ce, wadda ta rame sillan kara ce ko ƙashi da rai. Ta biyun sai ta nufi mai tallan magani ta sayi ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon magani ne mai ƙarfi wanda shansa ba bisa ƙa'ida ba yana kumbura fuska, yana jawo hawan jini da ciwon sukari. Ta farkon kuma sai ta bar karin kumallo, ta kama shan ruwan tsami da shayin rage ƙiba da ba a san abin da ke cikinsa ba. Baki ɗaya ne ya tura su duka biyun.

"Ai wasa ne"

Wannan ce kariyar da aka fi fakewa da ita, kuma ita ce ta fi rauni a wurin ɗan Nijar, domin mun san wasa, mun san dokokinsa. A 2014 UNESCO ta shigar da wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Bafillace da Babarbare, ko Bafillace da Ba'are, ko taubasai biyu, suna iya jifan juna da maganar da a wani bakin za ta jawo faɗa, su rabu suna dariya. Me ya sa? Saboda akwai yarjejeniya da kowa ya sani, akwai daidaito tsakaninsu, kuma wanda aka tsokana yana da cikakken ikon ramawa. Yau kai, gobe ni. Bayan haka ma akwai haƙƙin taimako da kariya da ke ɗaure su.

A gwada tsokanar yaro mai ƙiba da wannan ma'auni. Bai shiga yarjejeniya da kowa ba. Shi kaɗai ne, su sittin ne. Idan ya rama, dariyar ƙaruwa take yi. Idan ya yi fushi, a ce ba ya son wasa. Idan ya yi kuka, an sami sabon abin faɗa. Hanya ɗaya da ta rage masa ita ce ya taya su dariyar kansa, shi ya sa sau da yawa yaro mai ƙiba ne ke zama ɗan barkwancin aji, mu kuma mu ɗauka hakan na nufin abin bai dame shi ba. Hausa tana da sunaye na gaskiya ga wannan aiki: izgili, ba'a, gori, cin fuska. Kiransa wasa kuskuren fassara ne da bai kamata ɗalibin harshe ya yi ba.

Yara ba sa ƙago wannan raini, koyonsa suke yi, kuma da wuri. A 1961 Stephen Richardson da abokan aikinsa a Amurka sun nuna wa yara ƴan shekara 10 zuwa 11 zanen yara shida: ɗaya ba shi da wata naƙasa, ɗaya da sanduna, ɗaya a keken guragu, ɗaya ba hannu, ɗaya da tabo a fuska, ɗaya mai ƙiba. Aka ce su jera su bisa wanda suka fi so. Mai ƙiba ne ya zo ƙarshe. Da Janet Latner da Albert Stunkard suka maimaita gwajin suka wallafa a 2003, sun tarar ƙyamar ta ƙaru. Wannan a Amurka aka yi, amma duk malamin da ya taɓa cewa ƴan ajinsa su kasu gida biyu don wasan ƙwallo ya san wanda ake barin sa tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili.

"Ai don ya rage muke yi"

Wannan kariyar ta iyaye ce da malamai, kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ba na musun cewa ƙiba mai yawa tana da haɗari. Tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari, hawan jini da ciwon gaɓoɓi. Tambayar ita ce ko gori yana rage ta. Bincike ya ce a'a, har ma ya ce akasin haka. A 2014 Jeffrey Hunger da Janet Tomiyama sun wallafa nazari a kan ƴan mata sama da 2,000 da aka bi rayuwarsu daga shekara 10 zuwa 19. Fiye da rabinsu an taɓa ce musu sun cika ƙiba. Waɗanda aka faɗa wa haka sun fi sauran yiwuwar kaiwa matakin ƙiba mai haɗari a shekara 19, ko da an cire tasirin nauyin da suka fara da shi, kuma furucin ƴan gida ya fi na bare tasiri. Nazarce-nazarcen da Dianne Neumark-Sztainer ta jagoranta a jihar Minnesota sun danganta tsokanar nauyi da cin abinci ba ƙaƙƙautawa a ɓoye, da ƙuntata wa kai abinci ta hanyoyi masu cutarwa, da baƙin ciki, har da tunanin kashe kai.

Yadda abin ke aiki ba ya da wuyar fahimta. Wanda aka kunyata a fili zai bar filin, kamar ɗalibata. Wanda aka yi wa gori a kan kwano zai koyi ci a ɓoye, cikin sauri, cikin damuwa. Wanda likita ya yi wa tsawa ba zai koma asibiti ba sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Shi ya sa a 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa kunyatarwa tana ƙara matsalar, kuma a 2020 mujallar Nature Medicine ta buga matsayar haɗin gwiwa ta masana daga ƙasashe da dama da ke kira a kawo ƙarshen tsangwamar masu ƙiba.

Shi kansa zancen "shi ya so" bai tsaya da ƙafafunsa ba. Nazarin tagwaye ya nuna cewa gado yana da alhakin kimanin kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin mutane. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano sinadarin leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Ke nan yunwa da ƙoshi suna da ma'aunin da ba a hannun mutum yake kacokan ba. Balaga kanta tana ƙara wa ƴa mace kitse bisa halitta. Ƙarancin barci, wasu magunguna da wasu cututtuka duk suna ƙara nauyi. Sannan yaro ba shi ke cefane ba. Ba shi ya jera fanke, biredi da mayonez da lemun kwalba a ƙofar makaranta ba, ba shi ya sa suka fi kayan marmari araha ba. Idan kuma yarinya ce, mu ne muka hana ta guje-guje tun ranar da muka ce ta girma.

"Mu da ke fama da yunwa?"

Wannan tambaya tana da nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a ƙasarmu ya sha nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 suna fama da tsumburewa, Maraɗi da Damagaram kuma na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Rahoton UNICEF na 2025, wanda ya ce a karon farko yawan yara da matasa masu ƙiba a duniya ya zarce na masu rama, ya keɓe Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya, inda har yanzu rama ce a gaba.

Duk da haka, alƙiblar da duniya ta dosa a bayyane take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 2 cikin 100 na ƴan shekara 5 zuwa 19 ne ke da ƙiba mai haɗari; a 2022 sun kai kashi 8, wato sama da miliyan 160. Biranenmu ba su tsira daga sauyin abinci da zama wuri ɗaya da ya haifar da haka ba. Kuma yunwa da ƙiba sun fi kusa da juna fiye da yadda muke zato. A 1976 aka wallafa nazari a kan samari kusan 300,000 a ƙasar Holan, aka tarar waɗanda yunwar 1944 zuwa 1945 ta riski iyayensu mata a farkon ciki sun fi sauran yin ƙiba a shekara 19. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi ajiya. Saboda haka yaron da muke yi wa gorin ci a Yamai ko a Maraɗi, yana iya yiwuwa ɗan yunwa ne. Bayan wannan duka, ko da yaro ɗaya ne a aji, ƙarancinsa ba ya halatta wulaƙanta shi. Kaɗaicin nan ma shi ke ƙara masa zafin abin.

Abin da ya rage gare mu

Turawa sun kawo shawarar a riƙa ambaton mutum kafin lalurarsa. Faransanci har ya ƙirƙiro kalmar grossophobie, wadda ta shiga ƙamusun Le Robert na 2019. Mu ba mu buƙatar aro a nan. Hausa ta riga ta ba mu "mai": yaro mai ƙiba, yarinya mai jiki. Yaron ne a gaba, ƙibar na biye. Ga sunan matsalar kuma muna da "tsangwama", wadda masu yaƙi da ƙyamar masu ƙanjamau suka riga suka kafa a kunnen jama'a. Inda nake da ja shi ne kalmar "teɓa" da wasu gidajen rediyo ke amfani da ita a shirye-shiryen lafiya. Kalma ce mai ɗauke da hoton nama mai rawa, kuma a bakin titi zagi ce. Binciken Rebecca Puhl ya nuna matasa sun fi son a yi musu magana da kalmomi marasa hukunci, irin su nauyi. "Nauyin da ya wuce kima" ya ishi likita da ɗan jarida.

Na yarda cewa sauya kalma kaɗai ba ya wanke zuciya. Mun ga yadda aka bar "naƙasassu" aka koma "masu buƙata ta musamman", ba tare da an gina wa kowa matakalar keken guragu ba. Idan raini yana nan, zai bi sabuwar kalmar ya ɓata ta. Amma wannan ba hujjar barin zagi ya ci gaba ba ce. Hujja ce ta a haɗa gyaran baki da gyaran aiki. Malami ya san sunan yanka na kowane ɗalibi, ya kira shi da shi, kada ya yi dariya idan aji ya yi. Malamin motsa jiki ya auna yaro da ci gaban da ya samu a kan kansa, ya daina mayar da shi abin kallo. Iyaye su gyara tukunyar gida gaba ɗaya maimakon su ware yaro ɗaya su sa wa kwanonsa ido. Malaman addini su tuna wa jama'a cewa aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, ba ta kuma keɓe yara ko masu ƙiba ba.

Mu kuma a sashen nazarin harshe akwai aiki a gabanmu. Misalan binciken da na kawo duk daga Amurka da Turai suke. Ga fili nan ga mai neman batun kundi: a tattara laƙubban da ake yi wa ɗalibai a makarantun Damagaram, Tawa, Maraɗi da Yamai, a duba wa ke raɗawa, wa ake raɗa wa, wane harshe ake zaɓa tsakanin Hausa, Zabarmanci da Faransanci idan za a yi zagi, kuma me masu laƙabin suke ji. Mun daɗe muna nazarin zambo da habaici a bakin maroƙa da kishiyoyi. Lokaci ya yi da za mu saurare su a bakin ƴan aji, inda wanda aka jefa ba shi da kirarin da zai kare kansa. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Mun san ba ta komawa. Abin da ya kamata mu bincika shi ne ɗakin wa ke zuba bayan an zare.

Washegarin ranar da na ba ɗalibata haƙuri, na yi tambaya a aji na kira ta da sunanta na yanka. Ba ta ɗago ba. Na sake kira, sai ta waiwaya baya, ga shi kuwa babu kowa a bayanta sai bango. A karo na uku ne ta miƙe, aji ya yi tsit, ta ba da amsa, kuma amsar daidai ce. Ya ɗauki makonni kafin wasu daga cikin ƴan ajin su bi ni, wasu kuwa har ƙarshen shekara ba su bari ba. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma na makara da wata uku. Ina fata ɗalibai ƴan uwana da za su shiga aji gobe a matsayin malamai ba za su makara kamar ni ba. Allah ya sa mu fi ƙarfin harsunanmu.